Hannun Wa Ake Jira A Ƙofar Ɗakin Tiyata?

Ranar 1 ga watan Afrilun 2009 gwamnatin Jamhuriyar Benin, a zamanin Shugaba Boni Yayi, ta fara ɗaukar nauyin tiyatar haihuwa. A lokacin, duk matar da haihuwa ta gagara aka yi mata aiki a asibitocin da aka amince da su, hukuma ce take biyan asibitin sefa 100,000, wato jaka ɗari a lissafinmu na kasuwa. Mu mazauna arewacin ƙasar mun san abin da wannan yake nufi, domin kafin lokacin mun sha ganin magidanci ya kama ragonsa ko babur ɗinsa ya nufi kasuwa alhali matarsa tana kwance tana naƙuda. Gaskiya ne ba a daina kashe kuɗi ɗungurungum ba. Kuɗin mota yana nan, neman jini yana nan, wasu magungunan ma sai an saya. Amma dai an rage kaya mai nauyi daga kan talaka.

Sai dai akwai wani cikas da kuɗin gwamnati bai taɓa ba. Idan likita ya duba mace ya ga babu mafita sai aiki, akan fito da takarda a nemi wanda zai sa hannu. Ungozoma za ta leƙo baranda ta ce, "Ina mijinta?" Idan yana nan kuma ya yarda, shi ke nan. Idan ba ya nan, uwar miji ta ce ita ba ta da iko, ƙanin miji ya ce a bari a same shi a waya. Idan yana nan ya ce bai yarda ba, sai a tsaya lallashi. Ita kuwa mai cikin tana kwance a gado, idonta biyu, kunnenta yana ji, sau da yawa babu wanda ya juyo ya tambaye ta.

Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: yardar wa ce take halatta wa likita ya sa wuƙa a cikin mace? Ta mijinta, ko tata, ko kuwa sanin likita ya wadatar?

Garin matafiya

Paraku da Jugu garuruwa ne da tafiya ta raya. Tun zamanin fataucin goro ayarin Hausawa yake bi ta nan daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su yada zango su huta, wasu su yi aure su zauna. Unguwar Zongo da ke kowane ɗaya daga garuruwan biyu shaidar wannan tarihi ce. Daga baya layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku, aka riƙa sauke kaya ana loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Nijar. Har gobe yawancin mazajen unguwanninmu direbobi ne, ko 'yan kasuwar dabbobi, ko masu kai doya da albasa kudu. Magidanci ya yi mako biyu ba ya gida ba abin mamaki ba ne.

A irin wannan gari, ƙa'idar da ta ce sai da izinin maigida tana da tsada fiye da yadda take da ita a ƙauyen da kowa yake kwana a ɗakinsa. Kakanninmu da suka riƙe ta ba su yi wauta ba. A zamaninsu idan haihuwa ta yi gardama, abin da ake da shi ungozoma ce da rubutu da addu'a, kuma duk a cikin gida ake yin su. Jiran miji bai hana mace wani magani ba, tun da babu maganin. Yau akwai shi. A Paraku akwai babban asibitin Borgu, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, suke koyon aiki. A Jugu, mai nisan kilomita 130 da ɗoriya daga nan, akwai asibitin gwamnati da kuma na Ordre de Malte da aka buɗe tun 1974. Da zarar magani ya samu, sa'a guda ta zama abin da ake rayuwa ko ake mutuwa a cikinta.

Dalilin a fili yake. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, mahaifa ba ta daina matsawa. Tana ta turawa har ta yage, jini ya zuba a ciki inda ido ba ya gani. Idan mabiyiya ta tare hanya ko ta ɓalle kafin lokaci, mace takan zubar da jinin da zai kashe ta cikin 'yan sa'o'i. Idan cibiya ta riga jariri fitowa, kansa zai danne ta, numfashinsa ya yanke cikin mintoci. Shi ya sa a Ingila aka sa wa likitoci ƙa'idar cewa a yanayi mafi tsanani kada a wuce minti 30 tsakanin yanke shawarar aiki da ciro ɗa. Mu kuwa a cikin wannan minti 30 ɗin ake neman lambar wayar yaron mota.

Hujjar maigida

Bai kamata a yi wa miji hukunci ba a saurare shi ba. Na zauna da magidanta da dama a majalisa, kuma abin da suke faɗa yana da nauyi.

Na farko, shi ne mai ɗaukar nauyi. Ko aikin kyauta ne, shi zai nemo jini, shi zai ciyar da masu jinya, shi zai sayi abin da aka rubuta. Idan kuma ta rasu, shi za a bar wa marayu, shi zai fuskanci iyayenta. Yana ganin wanda zai ɗauki sakamako ya cancanci a ji ta bakinsa.

Na biyu, tsoronsa yana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya gano cewa kusan mace 1 cikin 200 da aka yi wa tiyatar haihuwa tana rasuwa, wato kimanin ninki 50 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Mutumin da ya ga an shiga da matar maƙwabcinsa da rai an fito da gawa ba jahilci ne yake sa shi ja da baya ba, abin da ya gani ne.

Na uku, yana zargin likita. Tun da ana biyan asibiti a kan kowane aiki, me zai hana a yanka wadda za ta iya haihuwa da kanta? Wannan ma ba zargin banza ba ne a duniya. A Masar da Brazil fiye da rabin haihuwa ta hanyar tiyata ake yi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa idan adadin ya haura kashi 10 cikin 100 a ƙasa, ba a ganin ƙarin raguwar mutuwar iyaye da jarirai.

Akwai kuma hujjar shi kansa likitan, wadda ba kasafai yake faɗa a fili ba. Ya san idan ya yi aiki ba da sanin miji ba kuma aka rasa matar, dangi za su taso masa, wataƙila har da duka ko ƙara. Sa hannun miji garkuwarsa ce.

Duk waɗannan na yarda akwai gaskiya a cikinsu. Amma mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga inda suka kai mu.

Mutuwar da ake gani bayan tiyata, da yawanta ta samo asali ne tun kafin a shiga ɗakin. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda, jininta ya ƙare, mahaifa ta fashe, ita ce aka fi rasawa a kan tebur. Mutane sai su ce aiki ne ya kashe ta, su ƙara jin tsoro, su ƙara jinkiri da ta gaba, ita ma a kawo ta a makare. Tsoron da kansa yake haifar da abin da ake tsoro. Batun yawan yanka kuwa, ciwon Masar daban, namu daban. Binciken lafiyar iyali na Benin na 2017 zuwa 2018 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 ne na haihuwa ake yi ta tiyata, na Najeriya na 2018 ya nuna kusan kashi 3. Matsalar matanmu rashin samun aikin ne a kan lokaci. Idan ana zargin wani likita da haɗama, maganin abin shi ne hukuma ta riƙa bin diddigin ayyukan asibiti, domin direban da ke Kandi yana magana ta waya ba shi da hanyar gane ko aikin ya wajaba.

Saura hujjar ɗaukar nauyi, wadda ita ce babba. A nan nake roƙon magidanci ya yi wa kansa tambaya guda. Idan gwaiwa ta murɗe masa da tsakar dare aka kai shi asibiti, zai yarda a bar shi kwance sai an samo matarsa ta sa hannu? Ita ma ai za ta ɗauki sakamako, ita za ta yi takaba, ita za a bar wa yara. Amma kowa ya san shi za a tambaya, domin cikinsa za a tsaga. Abin da ya ba mutum ikon cewa a yi ko kada a yi shi ne kasancewar jikin nasa ne, zafin nasa ne, kuma idan aka mutu shi ne ya mutu.

Ba daga Turai na ɗauko wannan ba. A shari'ar da muke ɗaura aure da ita, dukiyar mace tata ce. Miji ba ya kama akuyar matarsa ya sayar sai ta ce ta yarda, ba ya taɓa sadakinta sai da daɗin ranta. To wanda ba shi da iko a kan akuyarta, ta yaya ya sami iko a kan ranta? Aure ya ba shi shugabancin gida, ya ɗora masa ciyarwa da kariya. Shugabanci amana ce da aka ba shi don amfanin wadda yake shugabanta, kuma duk ranar da aka juya amana ta zama sanadin halakar mai ita, ta tashi daga sunanta.

Saboda haka nake rarrabe abu biyu da muke cakuɗawa, wato shawara da izini. Miji yana da haƙƙin a sanar da shi, a yi masa bayani, a saurari tsoronsa, ya tsaya kusa da matarsa. Mace mai hankali ma za ta so ta ji ra'ayinsa, kuma yawancinsu suna so. Abin da ba shi da shi shi ne ikon hanawa, kuma rashinsa a gari ba dalilin jira ba ne.

Yarda da wane harshe?

Da a ce maganar ta ƙare a nan, da sai mu ce a miƙa wa mace takarda ta sa hannu a wuce wurin. Amma takardar da Faransanci aka rubuta ta, likitan ma da Faransanci ya yi karatu, wataƙila kuma ɗan kudu ne da aka turo aiki. Matan da ke kwance a ɗakin haihuwa a Paraku kuwa, wata Barbanci take ji, wata Dandanci, wata Fillanci, wata Yarbanci, wata Hausa. A Jugu a ƙara da masu harshen Yom da Lokpa. Da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Sai a kama babban yatsanta a dangwala a tawada a manna a takarda, a ce ta yarda.

Ga kuma tarbiyyar da muka yi mata. Tun tana yarinya an koya mata cewa mace ta gari ba ta kuka a naƙuda, ba ta musu da manya, ba ta ɗaga ido ta dubi baƙon namiji, balle a haihuwar fari da kunya take rufe baki. Idan likita ya yi magana ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ma'aikaci mai gaggawa sai ya lissafa shirun a matsayin amincewa, uwar miji kuma ta lissafa shi a matsayin ƙi. Kowa ya fassara shirunta yadda ya dace da shi.

An taɓa kirana da dare in yi tafinta a wani asibiti, saboda na ɗan yi boko, mijin kuma yana hanyar Kwatano. Likita ya yi bayani yana kallona, ni kuma na ga ana shirin miƙa mini takardar. Na nemi izinin uwar mijin, na ce, "Inna, ku yi haƙuri in gaya mata da kanta." Na tsaya daga bakin labule na faɗa mata da Hausa abin da aka ce: ɗan ya kwanta a gicciye, ba zai fito ba, jira zai iya kashe su duka biyu. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Malam, tambaye shi, in an yi zan sake haihuwa?" Likita ya ce za ta iya, in ta ba da tazara kuma ta zo asibiti a ciki na gaba. Ta ce, "To a yi." Duka maganar ba ta ci minti uku ba.

Abin da na ɗauka daga wannan dare shi ne, babu ɗayanmu da ya san abin da ke damunta. Likita yana zaton mutuwa take tsoro, Inna tana zaton kuɗi ne. Ita kuwa tunaninta yana kan matsayinta a gidan da akwai abokiyar zama mai 'ya'ya biyar. Wannan tambaya ba ta cikin takarda, kuma babu wanda zai yi ta a madadinta. Masu cewa babu lokacin yi wa mace bayani a yanayin gaggawa su auna minti uku da sa'o'in da ake ɓatawa wajen neman miji.

Duniya ta koyi darajar yarda ta hanya mai ɗaci. Bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, ƙa'idojin Nuremberg na 1947 suka sa yardar mutum da son ransa a sahun farko. Mu ma muna da namu darasin. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, kuma babban abin da aka yi shekaru ana shari'a a kansa shi ne ko iyayen sun san gwaji ake yi. Da aka zo ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Yardar da aka karɓa ba tare da fahimta ba bashi ce, kuma al'umma ce take biya daga baya.

Idan ita ce ta ƙi fa?

Nan ne maganar take da wuya, kuma nan ne masana suka rabu.

A Amurka, a 1987, wata mata mai suna Angela Carder tana fama da ciwon daji, tana da cikin mako 26, ajali ya matso. Asibiti ya nemi umarnin kotu aka yi mata tiyata don a ceci jaririyar, ba tare da an tabbatar da yardarta ba. Jaririyar ta rasu cikin 'yan sa'o'i, uwar ta bi ta bayan kwana biyu. A 1990 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan umarni, ta ce a kusan kowane hali abin da mai cikin ta zaɓa shi za a bi. A Ingila ma, a 1998, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa mace mai cikakken hankali tana da ikon ƙin tiyata ko da ƙin zai kai ga mutuwarta ko ta ɗan da ke cikinta.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta bi wata hanyar. A zamanta na Sharja a watan Afrilun 2009, watan da Benin ta fara tiyata kyauta, ta yanke cewa idan tiyatar ta zama dole don ceton uwa ko ɗa ko dukansu, kuma ma'auratan ko ɗayansu ya ƙi, ba a la'akari da ƙin, ikon ya koma hannun hukuma ko wakilinta. Ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da yi wa majiyyaci cikakken bayani, da kuma samun wasu ƙwararrun likitoci banda mai duba ta su tabbatar da larurar.

Mai karatu zai lura da abu guda: a kan miji, Landan da Sharja bakinsu ɗaya. Babu wanda ya ba shi ikon hana aikin da zai ceci rai. Haka kuma idan mace ta fita hayyacinta, kamar mai jijjiga, ba a san abin da take so ba kuma rai yana cikin haɗari, kowane ɓangare ya yarda likita ya yi aikinsa ba tare da jiran kowa ba. Saɓanin yana kan mace mai hankali da ta ce a'a da bakinta.

Ni a ganina, kafin a kai ga wannan saɓani akwai aikin da ya wajaba a yi, wato a gano a'ar ta wace ce. Sau da yawa macen da ta ce ba ta so, idonta yana kan uwar mijinta. Wata gorin kishiya take gudu, kada a ce raguwa ce ba ta iya haihuwa da kanta ba. Wata miji ya yi mata kashedi kafin ya tafi. Wata tana zaton za a cire mata mahaifa, wata tana lissafin bashin da za a ci. A fitar da kowa daga ɗakin, a samo mace mai jin harshenta, a tambaye ta abin da take tsoro. A'a da yawa a nan take narkewa, domin tun asali ba tata ba ce.

Idan an yi duk wannan ta tsaya a kan bakanta, ni ban goyi bayan a danne ta a yi mata allurar barci ba, ko da yake na san nauyin abin da nake faɗa, kuma ina girmama malaman da suka ga akasin haka. Dalilaina uku ne. Likita yakan yi kuskure a hasashensa, an sha cewa mace ba za ta haihu da kanta ba ta haihu. Sharaɗin da malaman suka sa na tara ƙwararru abu ne mai yiwuwa a babban birni, amma a asibitin da likita ɗaya ne yake kwana, hukuncin zai koma ra'ayin mutum guda a kan jikin wata. Na biyu, ba ma tilasta wa uba ya ba da ƙodarsa, kai ko jininsa, ga ɗansa da aka riga aka haifa, duk da muna ganin ya kamata ya bayar kuma za mu zarge shi idan ya hana. Abin da ya wajaba a kan mutum tsakaninsa da Ubangijinsa daban, abin da aka halatta mana mu ƙwata da ƙarfi daban. Na uku, labari ba ya kwana a garuruwanmu. Ranar da aka ji an ɗaure mace an yanka ta, mata da yawa za su ƙi zuwa asibiti, kuma waɗanda za su mutu a ɗaki saboda haka babu mai ƙirga su.

Na san wannan matsayi yana da farashi. Wata rana za a rasa jaririn da tilas za ta iya ceta, kuma ba ni da kalmar da za ta sauƙaƙa wannan. Abin da ya rage wa likita shi ne kada ya yi fushi ya sallame ta. Ya bar ta a gado, ya ci gaba da kula da ita, ya dawo ya sake tambaya bayan rabin sa'a, ya kira wanda take jin maganarsa. Ƙofa ta zauna a buɗe har ƙarshe.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wannan taƙaddama tana tasowa ne saboda an bar magana sai daren naƙuda. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da bincikensa a kan haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu ciki gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jiran izinin miji yana cin mace a na farko, sannan ya biyo ta asibiti ya sake cin ta a na uku.

Wadda ta tsira da rai ma ba lallai ta tsira da lafiya ba. Doguwar naƙuda ita ce babbar sanadin yoyon fitsari. Wanda ya san asibitin Tangiyeta a arewa maso yammacin Benin, ko na Babbar Ruga a Katsina, ya san irin matan da ake kaiwa can a ɗinke, yawancinsu ɗan ya mutu a ciki. Kuma da yawa daga cikinsu, mijin da aka jira izininsa shi ne ya fara ƙaurace musu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Magidancin da matarsa take da ciki, kafin ya hau mota ya tara mahaifiyarsa da ƙaninsa ya faɗa a gabanta cewa idan naƙuda ta zo a kai ta asibiti, idan an ce aiki a yi, kada a jira shi. Ya raka ta awo ko sau ɗaya ya yi tambayoyinsa da rana tsaka, lokacin da hankalin kowa yake kwance. Ya san waɗanda za su ba da jini tun kafin a buƙata. Ungozoma ta yi wa mace maganar tiyata tun cikin yana wata shida, da harshen da take ji. Asibiti ya tanadi mata masu tafinta kamar yadda yake tanadin safar hannu, ya kuma tsaya wa likitan da ya yi aiki da yardar mace idan dangi suka taso, don kada tsoro ya sa shi fakewa da sa hannun miji. Limamanmu na Zongo su faɗa a kan mumbari cewa wadda aka yi wa aiki ta haihu kamar kowace uwa, kuma gori a kan haka zalunci ne.

Mun saba yi wa mai ciki addu'ar Allah ya raba lafiya. Idan ranar ta zo aka fito da takarda, sunanta ne ya kamata ya kasance a sama, ita za a fara tambaya, sauranmu mu tsaya a bayanta. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa.